Idon Alhaji da Ƙafar Istifanus

Garin Bauchi yana da abubuwan alfahari guda uku. Akwai duwatsun nan da suka kewaye shi suna zaune shiru kamar dattawa a wurin ɗaurin aure, akwai masar da baƙo ke ci ya manta hanyar tasha, sai kuma Alhaji Sabitu Baffa. Na ukun shi ya tsara wannan jeri, kuma a nasa tsarin daga kansa ake farawa.

Alhaji Sabitu tsohon darakta ne a wata ma'aikata. Shekara goma sha ɗaya yana faɗa wa na ƙasa da shi cewa ran da ya tafi aiki zai tsaya cak. Ya tafi ranar Juma'a, ranar Litinin aka buɗe ofis ƙarfe takwas. A Ƙofar Wambai aka haife shi, cikin wani lungu da mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkata, amma yanzu in ya ratsa unguwar a mota yakan ɗaga gilashi. Tausayi ne ke sa shi haka, in ji shi, don kada abokan ƙuruciya su sha wahalar neman kalmar da za su gaishe shi da ita.

Da ya yi ritaya sai ya nemi wasan da ya yi daidai da matsayinsa. Ƙwallon ƙafa na masu gumi ne. Dara ta 'yan gindin bishiya ce. Sai ya dace da golf, wasan da mutum zai bugi 'yar farar ƙwallo da sanda, ya bi ta a hankali kamar mai zagayen gonarsa, har ya jefa ta a rami. Akwai wani ƙaramin kulob a bayan Tirwun, ramuka tara, membobi ashirin da 'yan kai. A bayan dandamalin da ake bugun farko, can nesa kaɗan, wani baƙin dutse ne mai faɗin goshi, wanda balbelu ke sauka a kansa da la'asar har ka ɗauka an shanya fararen riguna.

Sauran membobi da yamma suke zuwa, bayan an rufe shago da ofis. Alhaji shi kaɗai yake wasansa da hantsi. Ya bayyana dalili a taron kulob.

"Ba na so in karya wa kowa gwiwa. Mutum ya baro iyalinsa don ya huta, bai kamata ya koma gida da tunani ba."

A haka aka zauna lafiya har 'yarsa Zinariya ta aiko masa da tsaraba daga ƙasar waje. Na'urar auna nisa ce, girmanta bai wuce tafin hannu ba. Za ka kafa ta a ido, ka saita abin da kake so, ka danna, sai ta aika wani haske da ba a gani ya taɓa abin ya dawo, ta rubuta maka yadi nawa ne tsakaninku. Akwai takardar bayani a cikin kwalin. Alhaji ya bai wa mai aikin gidansa ta kunna gawayi da ita, ya ce takarda ta masu koyo ce.

Daga ranar Bauchi ta shiga awo. Ya auna daga ƙofar gidansa zuwa masallaci, ya sanar da liman. Ya auna daga kujerarsa zuwa kicin, ya nuna wa matarsa Hajiya Maimuna cewa yadi goma sha huɗu bai isa ya sa shayi ya huce ba. A wurin wata walima a Yelwa an gan shi ya saita mai rabon abinci, yana gaya wa na kusa da shi cewa naman ya tsaya a yadi talatin kuma ba ya matsowa. 'Yan kulob suka raɗa masa suna Mai Ido Uku. Da ya ji, sai ya sa aka rubuta masa a jikin jakar sandunansa.

Amma a fili ne baiwar ta bayyana sosai. In ya buga ƙwallon farko, sai ya taka zuwa inda ta faɗi, ya juya ya fuskanci wani ɗan farin turke da ke nuna wurin bugu a kan dandamali, ya auna. Tsayuwar da yake yi ita kanta abin kallo ce. Hannun hagu a ƙugu, ƙirji a gaba, haɓa a sama, na'ura a hannun dama tsakanin yatsu uku kamar mai riƙe da kofin shayi a gidan gwamna. Riƙo da hannu biyu, a ganinsa, na mai tsoro ne. Turken siriri ne, hannun dattijo kuwa yana da 'yar rawarsa. Dutsen da ke baya ba ya rawa, ba ya kaucewa.

Ranar farko na'ura ta ce yadi ɗari biyu da tamanin da takwas. Alhaji ya tsaya ya daɗe yana kallon lambar. Ya ji wani sanyi ya ratsa zuciyarsa, irin na mutumin da ya yi shekara sittin da biyar yana zargin cewa shi na dabam ne, yau kuma ga shaida daga Turai. Bayan mako biyu ta ce ɗari biyu da casa'in da uku. Wannan ita ce lambar da ya riƙe. Ya faɗa wa mai wankin motarsa, ya faɗa wa likitansa, ya faɗa a wurin ta'aziyya biyu.

Mutum ɗaya ne ya ga wannan bugu da idonsa, wato Istifanus, mai kula da filin. Dattijo ne dogo, siriri, mai furfura a gira, shekararsa talatin yana yanke ciyawar wurin yana share yashin bakin ramuka. Shi ya auna filin da ƙafarsa tun farko, ya jera fararen duwatsu a gefen hanya, na yadi ɗari, na ɗari da hamsin, na ɗari biyu. Ƙwallon Alhaji kullum a gindin wata ɗorawa take kwanciya, ba ta kai dutsen ɗari da hamsin ba.

"Ranka ya daɗe, ni ƙafata ɗari da arba'in take ba ni zuwa ɗorawar nan," in ji Istifanus, hularsa a hannu.

Alhaji ya dube shi daga sama har ƙasa, ya tsaya a kan takalmansa na roba.

"Malam Istifanus, ƙafar nan taka a wace jami'a ta yi karatu?"

Istifanus ya mayar da hularsa, ya koma wajen manjagararsa.

Akwai wata safiya da sanda ta zame, ƙwallo ta gangara taku goma ta tsaya. Da wani ne, da sai ya ɗauke ta a ɓoye. Alhaji mutum ne mai gaskiya, ya je ya tsaya a kanta ya auna. Na'ura ta ce ɗari da sittin da huɗu. Ya kalli turken da zai iya jifa da hularsa. Sannan ya gano bakin zaren: ido ke yaudara, ilimi ba ya yi. Da yamma ya shaida wa 'yan kulob cewa kuskurensa ma ya wuce daidan wasu.

Gasar shekara ta matso, a ƙarshen damina. A cikinta akwai kofi guda na wanda ya fi kowa nisan bugu, maza da mata duka, don kulob ɗin bai kai girman kofi biyu ba. Yadda aka saba, Istifanus ke tsayawa a fili da turke, duk ƙwallon da ta wuce ta baya sai ya matsar da shi gaba. Alhaji ya halarci taron kwamiti da babbar riga da takarda shafi huɗu.

"Shugaba, 'yan'uwa, duniya ta tafi ta bar mu muna ƙirga taku. A manyan gasanni an yarda ɗan wasa ya auna nisa da na'ura. Mu kuma muna nan mun damƙa tarihin kulob a hannun tafin ƙafa. Ina ba da shawara a auna kowane bugu da na'ura, a rubuta lamba a allo kowa ya gani. Na sadaukar da tawa, na kuma sadaukar da kaina, ni zan riƙe ta. Bayan gasa a tumɓuke fararen duwatsun nan masu ɓatar da jama'a."

Sakatariyar gasa, Madam Dorcas, tsohuwar safiyo ce mai jikoki shida, ta yi shekaru tana auna filaye a ƙauyukan jihar. Ta ce ba laifi, muddin an kashe maɓallin da ke lissafa tudu da gangare, don dokar golf ba ta yarda da shi a gasa ba. Alhaji ya ce bai taɓa buƙatarsa ba, kuma gaskiya ya faɗa, bai san da shi ba. Sannan ya roƙi alfarma ɗaya. Ya riga ya sa an sassaƙa allon dutse mai ɗauke da sunansa da lambarsa, yana so in ya ɗauki kofin a kafa shi a dandamali. Kwamiti ya amince da sauri. Wasu ma sun sunkuyar da kai, kafaɗunsu na motsi, Alhaji ya ɗauka girmamawa ce.

Ranar gasa gari ya waye a wanke. An yi ruwa shekaranjiya, ciyawa ta yi kore shar, gero a gonakin Tirwun ya sunkuya da nauyin kansa. Allon dutsen nan na Alhaji yana jingine a gefen dandamali, an lulluɓe shi da farin yadi. Ya gayyato surukai, da maƙwabta, da mai hoto.

Shi ya fara, don girma. Ya buga, kuma a yi masa adalci, bugu ne mai kyau. Ƙwallo ta tashi ta sauka a gindin ɗorawarta kamar tantabarar da ta san gida. Ya taka zuwa can da jama'a a bayansa, ya juya, hannu a ƙugu, ya danna.

"Ɗari biyu da casa'in da uku. A rubuta."

Aka rubuta. Surukai suka tafa, mai hoto ya durƙusa.

Sai Fidelis, mai sayar da kayan gyaran mota, gajere mai kaurin damtse. Ƙwallonsa ta bi ta saman ɗorawa ba ta ko gaishe ta ba, ta je ta faɗi bayan dutsen ɗari biyu. Alhaji ya yi tafiyar da bai taɓa yi ba a wannan hanya kafin bugu na biyu. Ya juya, ya auna, ya sake aunawa. Doka tasa ce, dole ya faɗa.

"Ɗari uku da tamanin da biyu."

"Alhaji, wannan na'ura naka yana da albarka," in ji Fidelis. "Jiya ni mai sayar da bireki ne. Yau ko a talabijin babu irina."

Madam Nkiru mai kemis a Yelwa ta samu ɗari uku da ashirin da huɗu, ta ce a ba ta a rubuce ta kai wa maigidanta. Wani malamin jami'a da ke wasa da ciwon baya ya samu ɗari uku da goma. Madam Dorcas ta gyara ɗankwalinta, ta buga a natse, ta samu ɗari uku da biyar. Kafin azahar ƙaramin kulob na bayan Tirwun ya cika da zakarun duniya, kuma a ƙasan allo, can inda alli ya kusa ƙarewa, sunan Mai Ido Uku ne.

Alhaji bai rikice ba. Manyan mutane ba sa rikicewa, sai dai su gano maƙarƙashiya.

"Na'urar nan an taɓa ta. Tun safe nake jin nauyinta ya canza. Ban yarda da lambobin nan ba, a sake awo, kowa da kowa, a gaban shaidu."

"To, Alhaji, mu fara da naka," in ji Madam Dorcas. "Kawo."

Karo na farko ke nan da na'urar ta shiga hannun wani. Dorcas ta tsaya a gindin ɗorawa inda aka soka alamar ƙwallonsa. Ta aika Istifanus ya tsaya a kan dandamali ya buɗe babbar laima. Ta riƙe na'urar da hannu biyu, ta manne gwiwoyin hannunta a haƙarƙari, ta ɗauke numfashi, ta danna.

"Ɗari da talatin da tara."

Ta ɗaga na'urar sama kaɗan, ta saita baƙin dutsen, ta sake dannawa, ta miƙa wa Alhaji ya gani da idonsa. Ɗari biyu da casa'in da uku.

"Na'urarka lafiyarta lau, Alhaji. Wata huɗu ke nan kana auna dutse."

Babu wanda ya yi dariya. Wannan shi ya fi ciwo. Mai hoto ya shiga goge gilashinsa, surukai suka sami abin kallo a gonar gero. Da aka komo dandamali, iska ta zo ta ɗage farin yadin, rubutun ya fito da ruwan zinare: DAGA NAN ALHAJI SABITU BAFFA YA YI YADI 293. Fidelis, kofi a hammata, ya ce aikin sassaƙar ya yi kyau, bai kamata a yar ba, a kai shi gindin dutsen a kafa, tunda daga can lissafin daidai yake.

Alhaji ya nufi motarsa a hankali, haɓa a sama, yana bayyana wa iska cewa dama golf ba nisa ba ne, natsuwa ce. Ya kama murfin ƙofa ke nan sai ga Istifanus ya iso, laima a naɗe, hula a hannu, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, na zo ba da haƙuri. Ka yi gaskiya, ƙafar nan ba ta yi makaranta ba. Ashe duk watannin nan yadi ɗaya take ƙara maka."