Ranar da Na Yi wa Surukina Ambaliya

Ko zan manta komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tsuguna gaban surukina na rantse cewa na'urata ta ƙi tashi ba, alhali tana bayana tana tafka aika-aika.

Ni malamin kwamfuta ne a wata makaranta a Daura. Surukina Alhaji kuwa dillalin shanu ne a garin Babban Mutum, kuma tun da na auri 'yarsa Hadiza bai taɓa yarda cewa abin da nake yi sana'a ce ba. Danne-danne yake kiransa. Bai taɓa faɗa mini ido da ido ba (ina suruki zai tsaya doguwar magana da mijin 'yarsa ta fari?), sai dai ya aiko amininsa Baba Iro. Saƙon da ya tayar mini da hankali shi ne, in damina ta wuce in ajiye koyarwa in fara bin motar shanunsa zuwa kudu, in koyi abin da zai riƙe iyali. Ni da ko akuya ce ta harare ni sai na canja hanya.

Don in tsira sai na cika baki. Na ce a gaya wa Alhaji zan haɗa masa na'urar da za ta riƙa kunna injin rijiyar burtsatsen gidan gonarsa da kanta, ta kuma turo masa saƙo a waya. Ya aiko cewa to, in ta yi, a bar ni da danne-dannena.

Na sayo wani ɗan allon kwamfuta da bai fi tafin hannu ba. Aikin nan ƙaramar manhaja guda za ta yi shi kowa ya huta. Amma ina, sai da na ɗora masa haifabaiza, wato manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya gida biyu, kamar mai gida ya ja katanga ya zuba 'yan haya biyu, kowa na ganin gidan nasa ne shi kaɗai. Ɗan haya ɗaya ya kula da injin ruwa, ɗayan ya kula da saƙon waya. (Ba wai ana buƙatarta ba ne. So nake in an tambaye ni in faɗi sunan, a jinjina kai.)

Tun daga ranar allon ya kafe. In na kunna shi, rubutu ya fara zubowa a laftof ɗina ta 'yar wayar da ta haɗa su, layi na bin layi, har ya zo inda yake cewa zai miƙa aiki ga 'yan hayar. Daga nan sai ɗif. Ba ƙorafi, ba sallama.

Babu abin da ban zarga ba. Na canja katin memori, na canja caja, na canja wayar kanta. Na ce zafi ne, na ɗauke fankar ɗakinmu na kafa masa, mu muka koma fifita. Na cusa 'yan saƙonni a cikin manhajar don in ga inda take tuntuɓe, "na iso nan", "na wuce nan", duk suka fito har zuwa wannan layin, bayansa ko ɗaya. Hadiza ta ce ko in tofa masa addu'a. Na zaunar da ita na yi mata lacca a kan kimiyya, tana shiga kicin na tofa. Abu ɗaya ne ban yi ba: ban taɓa jona shi da wani inji ba. A ganina me gawa za ta yi da inji?

Ana cikin haka Hadiza ta gaya wa mahaifiyarta cewa aiki ya kusa. Kafin maganar ta isa kunnen Alhaji ta zama aiki ya ƙare, har ya gayyato dattawan unguwarsu su zo su gani. Maimakon in faɗi gaskiya, sai na lallashi kaina cewa wutar gari ce ba ta da kyau, in allon ya sha wutar solar gidan gona zai tashi garau.

Na isa da hantsi, na sha babbar riga. An shimfiɗa tabarmi a inuwar darbejiya, ɗan gangare da tankin ruwan, bayan turakun shanu. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na tsuguna na gaida kowa kaina a ƙasa. Na cire tsohon makunnin injin, na jona allona. Rana ta hana ni ganin rubutu, sai na yaye babbar rigar na lulluɓe kaina da laftof ɗin gaba ɗaya. Na kuma juya wa jama'a baya, don ba zan iya aiki ina fuskantar surukina ba.

Na kunna. Layi, layi, layi, ɗif.

Na kashe na sake, na kashe na sake, gumi na ɗiga a kan madannai. Ina jin shanu na kuka, ina jin motsi da gyaran murya a bayana, na ɗauka dattawa sun ƙosa ne, na ƙara dunƙulewa cikin rigar. Ashe injin na ta aiki, ga shi masu kiwo sun cika tankin tun da safe, ni kuma ɓangaren da zai kashe inji in tanki ya cika ban ma rubuta shi ba. Ruwa ya yi ta kwarara daga sama, ya bi ta turaku ya kwaso abin da shanu suka ajiye, ya gangaro kan tabarmi. Alhaji ba zai kira sunana ba, kunya. Baƙi ba za su riga mai gida magana ba, ladabi. Haka suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suna tattare riguna, suna kallon ƙeyata.

Da na ga babu sarki sai Allah, na fito da kai, na juyo a tsugune idona a ƙasa.

"Baba Iro, a ba Alhaji haƙuri. Wallahi na yi iya yina, abin nan bai tashi ba. Ko motsi bai yi ba."

Ina rufe baki na ga takalmina ƙafa ɗaya ya wuce ta gabana yana iyo.

Na ɗaga kai. Alhaji na tsaye cikin caɓi, ya riƙe bakin rigarsa da hannu biyu. Bai dube ni ba, amininsa ya duba.

"Iro, tambayar mini shi. In wannan ne bai tashi ba, ran da ya tashi ina za mu gudu?"

A tsugunen nan na gane komai, kuma na so ƙasa ta tsage in shige. Wurin rabon gida, ni da hannuna na ba ɗan hayan inji ƙofar da rubutu ke fitowa ta cikinta, shi kuwa ban koya masa cewa uffan ba. Tun ranar farko allon yana tashi lafiya lau. Ni na toshe masa baki, na zauna ina masa makoki. Don in gyara ɓarna sai na ce, "Ai ya yi aiki ke nan." Wani dattijo ya ci gaba da matse hularsa.

Bayan 'yan kwanaki Baba Iro ya zo Daura da saƙo. Ya ce Alhaji ya ce in zauna a makarantata, zancen kudu ya mutu. Na fara godiya har da ɗaga hannu, sai ya ce in bari ya ƙarasa.

"Ya ce mutumin da ruwa ya ci tabarmi a bayansa bai sani ba, in aka ba shi shanu, da igiya kaɗai zai isa kudu."

Na samu abin da nake so, amma har yau in na tuna dalilin abinci ba ya mini daɗi. Yanzu abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne, in na'ura ta yi shiru, kafin ka rantse ta mutu, fito da kanka daga cikin riga ka waiwaya tukuna, musamman in surukinka na zaune a gangare.