Gwamnan Jar Ƙasa da 'Yan Kallon da Ba Sa Tashi

Duk wanda ya ce jihar Carolina ta Arewa da ke Amurka ta daina haifar manyan mutane, to bai taɓa tsayawa a ƙofar filin tseren motoci na Cutler Gap ranar Asabar da yamma ba. Da ya tsaya, da ya ga Lyman Crabtree, ba ma sai ya nema ba. Farar kwat, farin takalmi, farar malafa, a filin da komai nasa jar ƙasa ce, har haƙoran direbobi. Allah ya hore masa muryar da ke cika lasifika ko an kashe ta, da tumbin da ke riga shi isa wurin taro ya kama masa kujera. Mutanen gari suna kiransa Gwamnan Jar Ƙasa. Shi ya ɗauka yabo ne, har ya sa aka rubuta masa a jikin mota.

Bai taɓa tuƙa motar tsere ba, amma wannan ba aibi ba ne, domin a cewarsa likita ba sai ya kwanta ciwo yake sanin magani ba. Filin ma ba nasa ba ne. Na surukarsa ne, Miss Odessa Pruitt, wadda mijinta marigayi Clovis ya share gonar tabarsa da tarakta, ya zagaye ta da katako, ya ce wa samarin gari su zo su yi haukansu a nan maimakon kan titi. Lyman ta ƙofar aure ya shigo. Ya auri Nadine, 'yarsu tilo, da Clovis ya rasu sai makullai suka faɗo hannunsa kamar nunanniyar gwanda.

Tun zamanin Clovis, zuwa tsere a Cutler Gap abu biyu ne: dala goma a ƙofa, da kular abinci a hannu. Kowane gida da kularsa. Uwargida ta soya kaza tun hantsi, ta haɗa da burodin masara da shayi mai ƙanƙara, maigida ya ɓoye gwangwanin giyarsa a ƙarƙashin ƙanƙarar don kada fasto ya gani, fasto kuma ya kau da kai don kada a ga tasa kular. Yara kyauta suke shiga. A zauna a kan benci, a ci, a jefa ƙashi ƙasa, a zagi direban da ba a so, a koma gida da kunne a toshe da gashi ja wur. Ko lokacin da masana'antar kujerun garin ta rufe, rabin gari ya rasa aiki, bencin nan bai rasa mazauna ba.

Sai Lyman ya tafi taron masu filayen wasa a Las Vegas. Kwana uku ya yi, ya dawo da ilimin shekara talatin. Ya tara ma'aikata a gindin tutar farawa, ya hau kan taya, ya gyara malafa.

"Jama'a, zamanin ƙauyanci ya wuce," in ji shi. "Mu ba tsere muke sayarwa ba. Daraja muke sayarwa. Abu in ya yi arha, mutane raina shi suke yi. Na ga yadda manya ke yi da idona. Daga yau ba a shiga filin nan da kaza."

Ai kuwa haka aka yi. Tikiti ya tashi daga goma ya koma talatin. Ajiye mota a kan ciyawar da shanu ke kiwo a kai ranar Litinin, shi ma da kuɗinsa. Yaron da ya iya tafiya da ƙafarsa ya zama babba. Aka kafa allo a ƙofa mai hoton kula an gicciya mata jan layi, aka buɗe shago a ciki inda burodi da siririn nama ya fi kaza guda tsada a kasuwa. Da abin da yake sa ran samu, Gwamna ya gina ɗakin gilashi a can saman benci, da na'urar sanyaya ɗaki da kujeru masu laushi, domin manyan baƙin da za su zo daga birni. Har yau suna hanya.

Magidanci mai mata da 'ya'ya uku ya zauna ya yi lissafi da man mota, ya ga Asabar ɗaya za ta cinye masa cefanen mako. Bai yi faɗa da kowa ba. Mutanen Cutler Gap ba sa son hayaniya, sai ta inji.

A bayan lanƙwasa ta uku ta filin akwai wani tudu, gonar Harlan Teague mai shanu. Daga kansa ana hango komai, har hannun direba a kan sitiyari. Asabar ta farko a-kori-kura biyar suka hau da baya, aka saukar da murfin baya, aka buɗe kuloli. Asabar ta biyu shanun suka rasa wurin tsayawa. Harlan bai karɓi ko sisi ba. Sharaɗinsa kawai a rufe ƙyaure, kuma duk wadda kazarta ta yi daɗi ta tuna da shi da cinya.

Gwamna ya duba bencinsa ya ga iyayen direbobi da matansu, jefi-jefi kamar haƙoran tsoho. Nan take ya gano masu laifi: wayar hannu, talabijin, gwamnati, hadari, da yaran zamani marasa kishi. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa. Ya sa aka yi wa wuraren zama na bencin fenti kala-kala don su yi kama da mutane daga nesa, sai ya zama ana ganin babu kowa cikin launuka masu kyau. Ya kafa ƙaton allo mai hoton fuskarsa a gaban tudun don ya tare musu kallo. Mutane suka matsa sama kaɗan, allon kuma ya zama wurin gwada saiti da ƙashin kaza. An ce wanda ya samu hanci, cinya biyu ake ba shi.

Ana haka Miss Odessa ta kira shi gida ranar Lahadi bayan coci. Ta haura tamanin, yanar ido ta rufe mata gani sai inuwa-inuwa take hange, amma kunnenta ya fi na kare. Ta ce masa wasu 'yan kamfani sun zo suna son filin su gina ɗakin ajiyar kaya. Ita ba ta son sayarwa, amma ba za ta zauna tana jin kukan gyare a bencin da mijinta ya buga da hannunsa ba. Tseren tunawa da Clovis na nan tafe, kuma za ta je da ƙafarta. In ta tarar da benci a cike, shi ke nan. In ba haka ba, ya ajiye mata makullanta a kan tebur.

"Mama, ki kwantar da hankalinki," Lyman ya ce, hannu a ƙirji. "Ranar nan ko allura kika jefa ba za ta taɓa ƙasa ba."

A mota Nadine ta ce masa maganin ai a fili yake, ya cire allon kula ya mayar da tikiti goma. Ya dube ta da tausayi irin na wanda ya je Las Vegas ga wanda bai je ba, ya ce jagora ba ya ja da baya, sai dai ya sake dabara.

Dabarar kuwa tana kwance a tsakiyar gari, a benen babban kantin tufafin da ya rufe bayan rufewar masana'anta. Mutum-mutumin tallan kaya ne jibge, maza da mata, masu zama da masu tsayuwa, ƙura ta lulluɓe su. Lyman ya saye su kaf a kuɗin banza, ya zaɓi masu lanƙwasa gwiwa, ya bi shagunan gwanjo ya kwashe riguna. Da rigunan suka gaza, ya hau ɗakin ajiya da ke saman gidan surukarsa ya sauko da tsofaffin akwatuna bai tambayi kowa ba. Ya jera bayin Allah a kan benci, ya kafa wa kowane hular hana-salla har goshi. Ya hau ɗakin gilashi ya leƙo ƙasa. Kawuna ne reras, sahu bayan sahu. Hawaye ya zo masa. Bai taɓa ganin 'yan kallo masu tarbiyya haka ba: ba zagi, ba ƙashi, ba mai neman ragi.

Ranar tsere rana ba ta gama faɗuwa ba aka hau da Miss Odessa ɗakin gilashi, da sandarta da jakarta. Ta manna fuska da gilashi ta daɗe tana kallo. Ta ce lallai an cika, amma me ya sa shiru haka? Lyman ya ce ai irin mutanen da dala talatin ke kawowa ke nan, masu aji, ba sa ihu sai da dalili. Sannan ya ɗauki abin magana ya yi jawabi. Ya fara daga haihuwarsa, ya bi ta Las Vegas, ya ambaci Clovis sau ɗaya a kan hanya. A karon farko a rayuwarsa babu wanda ya tashi zuwa ban-ɗaki. Ya ji daɗi har ya ƙara.

Abu ɗaya Gwamna ya manta, abin da kowane ɗan Cutler Gap ya sani tun yana goye. Kafin a tada inji, fasto yakan yi addu'a a rera taken ƙasa, kuma babu namijin da ya isa ya zauna ko ya bar hula a kansa. Ko wanda ya bugu, akan tallafe shi a tsaye a cire masa.

Fasto ya karɓi lasifika ya ce a tashi a cire hula. Direbobi suka jeru gefen motocinsu, hular kwano a hammata. Iyayensu suka miƙe nan da can. Can kan tudu, jama'a suka tashi gaba ɗaya kamar karan masara a gona, har Harlan da cinya a hannu. A bencin Gwamna kuwa, sahu-sahun masu aji suka ci gaba da zamansu, hula har goshi, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Lyman," Miss Odessa ta ce a hankali, "waɗancan ba su ji ba ne?"

"Mama, baƙi ne. 'Yan birni. Wasunsu ciwon gwiwa."

"Duka?"

Ba ta jira amsa ba. Matar da aka ɗauko da ƙyar ta sauka matattakala kamar budurwa, Lyman na bin ta yana haki, Nadine na bin sa ta toshe baki da hannu. Ta isa kan na farko a sahun sama, wani ƙato mai kwat ruwan ƙasa.

"Kai, ɗan nan, uwarka ba ta koya maka ba? Ana addu'a a ranar mijina, tashi ka cire hular nan."

Ƙato bai ko waiwayo ba. Ta ɗaga sanda ta kai wa hular duka. Hula ta tashi, kai ya bi ta. Ya faɗi kan benci na ƙasa ƙwal, ya yi tsalle, ya sake ƙwal, ya dinga gangarawa sahu bayan sahu yana murmushin kanti, har ya je ya daki wayar shinge a gaban fasto ya tsaya. Fasto yana tsakiyar roƙon Allah ya kare kawunan bayinsa. Ya buɗe ido ɗaya, ya rufe, ya ce amin da sauri.

Miss Odessa ta dafe ƙirji ta tambayi Nadine ko ta kashe shi. Nadine ta zube kan benci tana dariya har da shessheƙa, ta jingina da wata mai jan-baki daga cikin masu ajin, ita ma ta kife ta ture na kusa da ita, sahu guda ya kwanta kamar an yi sara. Daga kan tudu wata irin shewa ta taso, hon na a-kori-kura ya kaure, shanu suka watse.

Tsohuwa ta miƙa hannu ta shafa gangar jikin da ba kai. Ta shafa wuyan kwat, ta shafa maɓalli, ta tsaya a kan wani faci a gwiwar hannu. Ita ta ɗinka shi.

"Wannan kwat ɗin Clovis ce ta zuwa coci."

Gwamna ya buɗe baki. Ya ce a Las Vegas ana kiran wannan dabara da wani suna, bari ya tuna. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne, sunan bai zo ba.

"Clovis bai taɓa zama ana addu'a ba yana da rai," in ji ta, "sai da ya mutu ka zaunar da shi. Ba ni makullaina. Nadine, tashi ki daina washe haƙora, je ki buɗe ƙofar baya ki ce wa Harlan ya sauko min da mutanena. Da kulolinsu. A kawo min fiffike."

Suka sauko kuwa, kamar ruwa ya ɓalle, kowa da kula a ka ko a kafaɗa. Suka ɗaga masu aji suka jibge su ƙarƙashin benci, wasu suka bar ɗaya a gefensu suka ɗora masa farantin kaza a cinya. Aka tada inji, ƙasa ta girgiza, jar ƙura ta tashi ta sauka kan farar kwat ɗin da ke tsaye ita kaɗai a matattakala.

Ba a sayar da filin ba. Nadine ce ke riƙe da makullai yanzu, tikiti dala goma, yara kyauta. Ɗakin gilashi ya zama wurin da mata ke canza wa jarirai ƙunzugu saboda sanyinsa. Lyman yana nan, an ba shi tuƙa tankar ruwan da ke jiƙa fili tsakanin tsere da tsere, kuma yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa cikowar nan tsarinsa ce tun farko, mataki-mataki.

Mutanen gari ba su da butulci. Sun zaɓi mutum-mutumi mafi faɗin ƙirji, suka cusa masa matashin kai a ciki, suka sa masa farar kwat da farar malafa, suka tsayar da shi a bakin ƙofa inda allon kula yake a da. Duk mai shiga sai ya taɓa hula ya ce, "Barka da yamma, Gwamna." Miss Odessa ma takan tsaya ta gaishe shi. Ta ce tun da ya auri 'yarta ba ta taɓa ganin ya riƙe aiki da kyau irin wannan ba.