Yadda Za Ka Warkar da Amfilifayar Mai Jita Har Ta Daina Yi Masa Amfani

Ka bi matakan nan, ina ba ka tabbacin cikin mako guda za a fara kiranka injiniya a Agege, ko da tocila ba ka taɓa gyarawa ba. Ni tela ne, karatu ma sai da na yi furfura na shiga ajin yamma. Amma shekara tara keken ɗinkina na jikin bangon Oga Ɗanliti mai gyaran lasifikar masallatai, kuma kunnena lafiya lau.

1. Kada ka bari mai kaya ya gama magana

Ran Litinin Nassirou, mai jita ɗan Nijar, ya shigo da amfilifayarsa a ka, tsohuwa, mai kwalabe a ciki da ke yin ja in sun ɗau zafi. Asabar zai yi wasa a bikin ɗan Alhaji Alu, shugaban mahauta, a Abule Egba. In ya burge, bukukuwan mahauta duk nasa ne.

"Bon, patron, wurin cusa wayar ne kawai ke motsi. Sauran kada a taɓa."

"Na ji, na ji. Ajiye kawai, jare."

Mai sauraron kwastoma har ƙarshe ba ya zama injiniya.

2. Ka kunna, ka ɓata fuska

Muryar jita ƙanƙanuwa ce. Kwalbar farko ta ɗaga ta, ta miƙa wa ta biyu, ita ma ta ƙara, manyan na ƙarshe su tura lasifika. In aka murɗe maɓallin farko sosai, ta biyun takan sha fiye da cikinta, murya ta dushe, ta koma gurnani. Gurnanin nan ke tayar da mutane rawa. Kai ba ruwanka. Ka saba da lasifikar ladan, inda gurnani ke nufin kwamitin masallaci na tafe. Ka girgiza kai, ka ce ciwo ne.

3. Ka kawo tarihi

Ɗanliti na da wani littafi marar bango. Ya buɗe mini, ni da ban tambaya ba.

"Baba tela, ka ga zanen nan? Daga tsohon rediyo aka kwaso shi. Masu ƙera kwalba suka buga, masu amfilifaya suka kwafa. Don magana ta fita tas aka yi shi, ba don kukan jaki ba."

Abin haushin, bai yi ƙarya ba. Ya dai tsaya a rabi. Masu jita sun ji wannan kuskuren na gurnani tun tuni, suka ce shi suke so a bar musu.

4. Ka yi aikin da ba a sa ka ba

Cire kwalbar farko, sa mai sanyin hali. Rage abin da take miƙa wa ta biyu. Tsohuwar kwalbar kuma a jefa ta kwata. In wuta ta fizge ka bayan ka zare filogi, domin takan kwana a ciki, ka ce gwaji kake yi. Wurin cusa wayar, a ɗaure da roba.

5. Ka miƙa kaya ranar da ba sauran lokaci

Juma'a bayan masallaci Nassirou ya murɗe maɓalli har ƙarshe, ya kaɗa. Murya ta fito sumul, kamar sanarwar cigiya.

"Patron, ina muryata?"

"Dattin na cire maka. Godiya ya kamata ka yi."

"Da dattin nan nake ciyar da iyali. Ina kwalbata?"

Ɗanliti ya nuna kwata da haɓa.

6. Ka karɓi yabo

Ni na ɗinka ankon bikin, don haka na je. Waƙa biyu, kowa na cin shinkafa, ba wanda ya motsa ƙafa. Sai Alhaji Alu ya ce a ara wa mai gabatarwa akwatin nan, magana na fita da kyau a cikinsa. Nassirou ya zauna da jita a cinya har aka watse. Alhaji ya tambayi sunan wanda ya yi gyaran. Yanzu lasifikokin ƙungiyar mahauta duk Ɗanliti ke dubawa.

Gargaɗi

Nassirou na wucewa kullum da safe zuwa mayanka, dako yake yi. Yakan gaishe ni, ba ya kallon shagon gefe. In naka mai jitar bai kai shi haƙuri ba, abin da ya biyo baya tsakaninku ne, kada a ambaci tela. Ni ban ce komai ba. Ran Litinin ɗin ma ban ce ba.