Kwale-kwalen Yaya Sharhabilu da Auren Yasir

Jama'a, sallama gare ku. Kwana da kwanaki ke nan abinci ba ya mini daɗi, in na ɗora tukunya sai in tsaya ina tunanin ko na sa gishiri ko ban sa ba. Auren ɗana Yasir ne yake rawa. Yaron bai yi laifin komai ba, yarinyar ma haka. Wani kwale-kwale ne ya ja mana, wanda tun da aka ƙera shi bai taɓa ganin ruwa ba.

Mai kwale-kwalen shi ne Yaya Sharhabilu, wan maigidana. Gida ɗaya muke a Batsari, sashensa yana kallon namu. Mutumin kirki ne, ba zan ɗauki alhakinsa ba, sai dai babu abin da bai iya ba a duniyar nan, in dai da baki ne. Ranar da aka sauke abin daga motar Katsina, tsayawa ya yi a tsakar gida, ya dafa tumbinsa, ya ce:

"Ni da kuke gani, tudu ne ya cuce ni. Da a bakin kogi aka haife ni, da yanzu ni ne Sarkin Jirgi. Ku ɗan ba ni lokaci, wannan cikin sai kun neme shi da fitila."

Asalin abin, tun da rashin tsaro ya sa hanyar Runka ta zama abin da ta zama ya daina zuwa gona. Zama ya yi yawa, ciki ya yi gaba, likita ya ce jini ya hau, sai ya riƙa motsa jiki. Da wani ne, sai ya taka zuwa sakatariya ya dawo. Shi ya ce yawon ƙafa na marasa aikin yi ne, ya tafi shagon gwanjo ya kinkimo injin tuƙa jirgi. Dogon ƙarfe ne a kwance, da wata 'yar kujera mai taya da take zirga-zirga a kansa. Ka ɗaure ƙafafunka a gaba, ka riƙe wata sanda mai sarƙa irin ta keke, ka yi ta ja kana komawa, wata fanka tana huci kamar an ɓata mata rai.

Abin da ya ƙara masa zumuɗi, shi ne zai je Babban Duhu nema wa Yasir auren Rahma, tunda uba ba ya zuwa da kansa. Dangin yarinyar makiyaya ne, sirara kamar sandunansu. Yaya ya ce ba zai shiga cikinsu da wannan tulun a gabansa ba, a ce gidan maciya tuwo aka kai 'ya.

Mai shagon ya gaya masa ya fara da kaɗan kaɗan, ya riƙa tashi yana hutawa, ya sa wandon da ya kama jiki. Yaya ya ce wannan shawarar ta masu raunin jiki ce. Kuma dattijo kamarsa ba zai sa gajeren wando a gidan da yake da matan ƙanne ba. Da babbar riga ya hau, har da hula. Ya ja, ya koma, ya sake ja, sai gefen rigar ya naɗe a tayar kujera. Ya yi gaba ta ƙi, ya yi baya ta ƙi. Matarsa, Yaya Zinariya, ce ta zo da almakashi ta yanke shi daga jikin jirgin. Da ya fito da riga rabi, cewa ya yi dama ta fara yi masa yawa, alamar ciki ya soma sauka ke nan.

Sai kuma maganar kujerar. Tauri gare ta kamar dutsen niƙa, ga ta 'yar mitsitsiya, shi kuwa Allah ya hore masa mazaunai. Bai ce tana masa ciwo ba. Cewa ya yi masu ƙera ta ba su san jikin manya ba, shi zai gyara musu aikinsu. Ya ɗauko filon Yaya Zinariya na aure ya ɗora. Ja na farko kujera ta yi baya, filo ya yi gefe, shi kuma ya sauka daram a kan tsuran ƙarfen. Daga madafa na ji ƙarar, har ludayi ya faɗi daga hannuna. Da muka yi masa sannu ta bayan labule, ya ce ƙarfin ƙarfen yake gwadawa, kuma ya ga ba laifi.

Washegari buzun rago ya samo, ya ɗaure shi tamau da igiyar guga. Wannan kam bai zame ba, sai Yaya ya samu abin faɗa. Ya ce da masu injin za su ga dabararsa, da sun aiko a ɗauke shi aiki. Ya kunna rediyo, ya hau tun bayan asuba, ba ya sauka sai hantsi ya dubi ludayi, ya huta ya sake komawa. Hannunsa ya yi bororo, sai ya zura safar ƙafa a hannu. Ku dubi wannan hoto: dattijo da singileti da hula, safa a hannu, zaune a kan buzu, yana tuƙi yana kallon bango. Yaya Zinariya ta sa masa direban jirgin tudu. In ta kai abinci sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Direba, a tsaya a gaɓa, tuwo zai huce."

Abin da bai lissafa ba, gashin buzu da gumi da gogayya ba sa haɗuwa a yi daɗi. Muka ga tafiyarsa ta canza, ƙafa nan ƙafa can, kamar mai tsallake kwata. Wurin ya saluɓe. Matarsa ta ce ya sauka daga abin nan, ya gasa da ruwan ɗumi, ya bar iska ta sha wurin. Ya ce hutu na ragwaye ne, 'yan ƙwallo man zafi suke shafawa su koma fili. Ya aika aka sayo. Ba zan faɗi abin da kunnena ya ji ba saboda girmansa, amma a cikin bahon wanki ya yi sauran wunin nan, yana cewa a ƙaro ruwan randa.

Daga ranar zama ya ƙare. A tsaye yake cin abinci, rub-da-ciki yake kwana, ga ranar tafiya ta matso. Na roƙi maigidana a ɗaga ranar, ko a bar ƙaninsu Armaya'u ya je shi kaɗai. Ya ce wa zai tunkari Yaya da wannan magana, mutumin da ya riƙe su bayan rasuwar mahaifinsu. Da ya daure ya ɗan gutsura masa, Yaya ya dube shi sama da ƙasa ya ce:

"Ni da nake tuƙa jirgi, zaman tabarma ne zai gagare ni?"

Sauran labarin daga bakin Armaya'u na ji, don shi ya goya shi a babur. Ya ce tun daga Batsari har suka wuce Safana Yaya bai taɓa sirdi ba. A tsaye ya tafi, ya dafa kafaɗunsa, babbar riga tana filfilwa, mutane a bakin hanya suna ɗaga masa hannu, sun zaci ɗan takara ne.

A Babban Duhu an yi musu tarba ta mutunci. An shimfiɗa sababbin tabarmi a inuwar ƙofar gida, ga ƙwaryar fura da nono an rufe da faifai. Baffa Lado, wan mahaifin Rahma, yana zaune da 'yan'uwansa. A tsakiya ga kakan yarinyar, Malam Salmanu, tsoho tukuf, wanda sai an kama shi yake tashi. Kun san yadda ake yi. Mai neman aure shi ne a ƙasa, zai cire takalmi, ya zauna, ya sunkuyar da kai, a gaisa a tambayi gida da shanu da damina, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi da ƙaramar murya. Armaya'u ya zauna. Yaya ya cire takalmi ya tsaya ƙiƙam.

Baffa Lado ya nuna masa wuri ya ce bismillah. Yaya ya ce ya gode. Aka sake nuna masa, har aka kawo buzu aka ɗora a kan tabarmar don girmamawa. Armaya'u ya ce da Yaya ya ga buzun nan sai da ya ja da baya. Maimakon ya ce ba shi da lafiya, wanda kowa zai yi masa uzuri, sai ya gyara riga ya ce ai zama shi ne ciwon zamani, likitoci sun tabbatar, shi yanzu ya wuce wannan matakin.

Mutanen suka dubi juna. Baffa Lado ya ce a gidansu baƙo ba ya tsayawa masu gida suna zaune. Ya miƙe, 'yan'uwansa suka miƙe, aka kama Malam Salmanu aka tayar da shi ya dogara sanda. Yaya kuwa da ya ga jama'a a tsaye suna kallonsa, sai abin ya yi masa daɗi. Ya fara jawabi. Ya ɗauko tarihin gidanmu tun daga kakan kakansa, ya bi ta kan aikinsa na ƙaramar hukuma, bai ko iso kan Yasir ba. Gwiwoyin tsoho suka fara kaɗawa. Armaya'u ya ga za a yi abin kunya, ya kama gefen rigar Yaya ya ja ƙasa don ya tuna masa. Ashe ya ja da ƙarfi, ga ƙafafu sun gaji da tsayuwar babur. Yaya ya tafi gaba ɗayansa ya zauna daɓas.

Armaya'u ya rantse ihun da ya yi sai da maruƙan da ke ɗaure a bayan gida suka tsinke igiya. Ya zabura, ya shuri ƙwaryar fura, ta wanke wa Baffa Lado ƙafafu, ya dawo ya kife rub-da-ciki a tabarma. A haka, haɓarsa a kan hannu, ya yi musu bayani. Ko a nan ɗin ma bai sauke ba, cewa ya yi raunin tuƙin jirgi ne, kuma lambar nisan tafiya da injin yake nunawa, in aka haɗa, ya kai Yawuri.

Malam Salmanu, da aka samu aka zaunar da shi, ya matso da kunne ya ce, "Yaro, a wane gulbi kake tuƙin?"

"A ɗakina, Baba."

"Ruwa ne ya ci ɗakin?"

"A'a, babu ruwa. Na zamani ne."

"To da ka kai Yawurin, mi ka gano?"

Yaya ya ce bango yake kallo.

Tsoho ya daɗe yana dubansa. Ya juya wurin Armaya'u, ya rage murya cikin tausayi, ya ce, "Ɗana, gaya mini tsakaninka da Allah. Wanga abu shi kaɗai ya kama, ko a dangi yake?"

A bayan a-kori-kura aka dawo mana da shi, kwance a kan buhunan gero.

Ba su ce sun hana ba. Sun aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa mutum biyu za su shigo Batsari su ga gidan da idonsu, su ga yanayin mutanen cikinsa. Yasir ya daina cin abinci, ya rame ba tare da ya hau komai ba. Shi kuwa Yaya da ya ji saƙon, murna ya yi. Ya ce ya san dama jirgin ne ya burge su, kunya ce ta hana su faɗa. Ya sa an fito da shi zaure, an goge shi da man keke. Kuma tunda shi har yanzu bai iya zama ba, ya ba da umarni cewa a ranar, maigidana ne zai fara hawa, sai Armaya'u, sai Yasir, don baƙi su tabbatar duk gidan mun iya.

Yaya Zinariya ta ce in na yarda, ita za ta kwance sarƙar, ni in jefa a rijiya. Amma in ya gane, wan miji ne, kuma har yanzu auren a hannunsa yake. In kuma na yi shiru, mutanen nan za su zo su tarar da maza uku a layi suna jiran tuƙi a zaure. Don Allah jama'a, in ku ne ni, yaya za ku yi?