Ranar da Garmaho Ya Yi Nishi

A shekarun da aka samu 'yancin kai, daga Ikara har Kudan babu mai kunnen kiɗa irina. Goge, kukuma, kalangu, waƙar Indiya, har ta Kwango, da jin faifai zan faɗa maka garin mawaƙin da abin da ya karya kumallo da shi.

Garmaho, akwatin kunna faifai, shi ne dai ban taɓa mallaka ba. Sai na aro na surukina, malamin makaranta a Makarfi, wanda ko ƙuda bai yarda ya sauka a kansa ba. Ya fara nuna mini yadda ake sarrafa shi, na ce, "Haba Baba, ni za a koya wa?"

Ranar kasuwar Hunkuyi na tara jama'a a rumfar tela, na ɗora faifan Sudan. Ana tsakiyar waƙa muryar mawaƙin ta fara ja, ta koma nishin sa. Na ce a raina: na kashe garmahon suruki, da wane ido zan shiga Makarfi? Amma na dake, na ce, "Salon Sudan ke nan, sai masu ilimi."

Sai garmahon ya yi tsit.

Telan ya ajiye almakashi, ya kama wani ɗan hannu a gefen akwatin ya wana. Waƙa ta dawo garau, raina ma ya dawo.

Ya dube ni ya ce, "Malam, in ilimin naka ya sake tsayawa, kira ni in wana maka."