Garantin Atamfata da Zanin Gadon Rabi

Ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina, ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Rabi, 'yar ƙanina, a Ɗanzomo ba.

Bari in faro daga tushe. Ni ban san aji ba sai da na aurar da 'ya'ya biyu, sannan na shiga makarantar yaƙi da jahilci a nan Gumel. To wanda ya koyi abu da girma ba ya barin kowa ya huta. Ranar da malamarmu ta ce mai saye yana da haƙƙi, in an sayar masa da kaya mai aibi yana iya mayarwa, na dawo gida kamar an naɗa ni sarauta. Mai manja ya ji a jikinsa. Mai gyaran rediyo ma haka.

Da aka sa bikin Rabi na tafi kasuwar Maigatari, na zaɓi wata shuɗiyar atamfa a rumfar wani Alhaji mai zaƙin baki. Na ce, "Alhaji, tana zuba?"

Ya ce, "Hajiya, in ta zuba cikin wata guda ki dawo mini da ita, ko an ɗinka. Garanti na ba ki."

Na kira maƙwabcin rumfarsa ya shaida. (Shi ma na yi masa ɗan karatu kan haƙƙin mai saye, ko da yake bai tambaye ni ba.)

To ga inda ilimin nawa ya tsaya. Mu nan ba ma wanke sabon zane kafin biki, ƙyallin nan na shago ai shi ne adon. Aka ɗinka, na turara ta, na ninke a ƙasan akwati, ko ruwan alwala ban bari ya taɓa ta ba. Bikin kuma aka ɗaga, wai ango bai gama rufin ɗaki ba. Garanti yana can yana ƙarewa, atamfa tana nan tana barci.

Ranar jere ruwan farkon damina ya ritsa ni a kan mashin sanye da atamfar, na isa jagab. Amma ni ce babbar gwaggo, kuma dangin ango sun cika ɗakin suna jiran su ga irin gidan da amarya ta fito, ba zan tsaya shanya jiki ba. Aka shimfiɗa farin zanin gadon da uwar Rabi ta daɗe tana ɓoyo, na hau na zauna daram a tsakiya ina ba da umarni. "Ke, kwanukan nan ba haka ake jera su ba! Ke kuma ɗaga labulen!"

Da na miƙe, kowa ya zuba wa gadon ido. Na juya. Jama'a, duk inda jikina ya taɓa ya fito, shuɗi shar, ba abin da ya ɓuya. Kakar ango, wata tsohuwa mai haƙori ɗaya, ta leƙo ta ce, "Gwaggon amarya, ashe da hatimi kika zo? To kin buga, mun shaida ɗakin naku ne."

Mata suka zube da dariya. Rabi ta rufe fuska tana cewa, "Wayyo Gwaggo!" Ni kuwa kunya ba ta sa ni kuka, faɗa take sa ni. Na yaye zanin gadon na cusa a jaka, na rantse sai Alhaji ya biya.

Ranar Alhamis na dira a rumfarsa. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Hajiya, wata guda muka yi. Tun kasuwar da ta wuce ya cika."

Na ce, "Cikar wata ce ta lalata rinin? Tun a hannunka mugun kaya ne! Aibi aibi ne, ko a shari'a ko a boko!"

Ya ce, "To ina shaidar ta zuba?"

Nan ne shaiɗan ya hau ni. Maimakon in tsoma bakin zanen a ruwa ya gani, sai na zaro zanin gadon na kaɗe shi fal a tsakiyar layin 'yan atamfa, na ɗaga sama da hannu biyu. Maza suka taru. Sai da na ga suna kallon zanin, suna kallona, suna sake kallon zanin, sannan na gane abin da nake nuna wa kasuwar Maigatari. Wani Badamagare mai sayen shanu ya gyara rawani ya ce, "Hajiya, wannan taswirar wace ƙasa ce? Wallahi ta fi tamu faɗi."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya dawo hayyacinsa ya aika aka sayo sabon farin zanin gado, ya ce, "Wannan na amarya ne, don laifin kayana ne. Atamfa kuwa lokacinta ya wuce. Don Allah ninke wancan, kina kashe mini ciniki."

Na karɓa na fice ban waiwaya ba. Rabi ta samu zanin gadonta, dangin mijinta kuma har yau in na je sai sun janye mini tabarma mai haske.

Yanzu duk zanen da na saya, ranar nake jefa shi a ruwa, ƙyalli ya tafi inda za shi. Haƙƙina kuwa ina nan ina nema, sai dai kafin in ɗaga shaida a bainar jama'a nakan duba ko da siffata a jiki.