Caja Mai Baki Uku

Shekara shida kyamarata tana aiki lafiya. Laifinta ɗaya, kullum sai an fito da wadda ta fi ta. Da na gaji da kallon sababbi a waya, sai na sayar wa maƙwabcina Isufu ita, na je Kano na ɗauko ta yayi.

Daga tasha ban ko biya gida ba, na zarce sunan jikan Hajiya Balki, inda aka ba ni aikin hoto. Na tarar da Isufu rataye da tsohuwar, na ce, "Ajiye wannan gyatumar, ka ga aiki."

Hoto huɗu na ɗauka batir ya mutu. Na zaro caja cikin isa, ashe mai baki uku ce irin ta Najeriya. Bangon Hajiya kuwa rami biyu gare shi, kamar na kowa a garinmu Matameye, nan tsallaken iyaka. Na juya ta, na danna, har da bisimilla. Mata sun jeru da anko suna jira.

Hajiya ta ce, "Malam, in ka gama da bangon, matsa gefe Isufu ya ɗauke mu."

Har ni na fito a hoton, riƙe da caja. Yau ko kasuwa na shiga sai an ƙwala mini kira, "Baki Uku, an samo ramin?"